Ɗanɗanon Mai Giya

'Yan'uwana cikin Ubangiji, salama a gare ku da sunan Yesu Almasihu. Ni ce Ladi, wadda kuke cewa Mama Cukutu ku ga kamar ba na ji. Ina ji. Ban yi lekol ba, ban san karatu ba, matar fasto ce ke rubuta mini wannan, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Da ƙuruciyata na zo Kutanu daga arewa, ni da marigayi mijina. A Zongo muke kwana, amma rumfata tana bayan kasuwar Gbégamey, don ba a dafa giya a tsakiyar masu salla. Burkutu nake yi, wanda nan ake kira cukutu, kamar yadda uwata ta koya mini.

Ba zan yi muku ƙarya a gaban Allah ba, na ji daɗin kwanakin nan. Ƙamshin dawa idan ta tsiro, tururin tukunya, mutanenmu na arewa a jere kan benci ana ta labarin gida. A rumfata ake jin wanda ya haihu da wanda ya rasu. Mijina kan zauna a gefe yana ta tsokanar kowa. Har yau idan na tuna, zuciyata takan yi nauyi.

To, ga al'adarmu: mai giya ba ta miƙa ƙwarya sai ta fara kurɓa, don mai sha ya san ba a sa masa komai ba. Haka na tarar, haka na yi. Ni kuwa ba mai wasa ba ce. Da na ga idon mutum ya juya sai in ce, "Tashi, ya ishe ka, matarka na jira." Idona na kan kowa, ban da ni. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce ba na sha, ɗanɗano kawai nake yi.

Ranar da na goya jikata Saratu, tana wata huɗu, na zo tsallake kwata sai ƙafa ta kwashe ni. Allah ya tsare, gwiwata ce ta daki ƙasa. Rifkatu 'yata ta kwance yarinyar daga bayana.

"Mama, warin yana bakinki. Ba za ki ƙara goya ta ba."

Ni da na goya ta ita kanta! Wata tara ban taka gidanta ba.

A lokacin ne manyan unguwa suka haɗa kai kan maganar giya, saboda 'yan zem, masu ɗaukar mutane a babur, suna ta faɗuwa a titi. Suka zo rumfata da hantsi: limamin layinmu, fastonmu, shugaban 'yan zem da rigarsa ruwan ɗorawa, wata ma'aikaciyar asibiti, da Hajiya Balaraba mai koko, maƙwabciyata. Roƙonsu shi ne kada a sayar wa mai tuƙi.

Na ce, "Malam, kai da fasto yaushe kuka zama 'yan gida ɗaya?"

Liman ya yi dariya. "Mama, mun gaji da haɗuwa a maƙabarta ne. Shi ya binne nasa, ni in binne nawa."

Ma'aikaciyar asibitin kuwa hannuna kawai take kallo. Da za su tafi ta ce, "Mama, sau nawa kike ɗanɗanawa a yini?" Na ce ban sani ba, kuma ba ruwanta. Hajiya ta tsaya a baya, ta ajiye mini gwangwani.

"Ladi, duk kurɓa ɗaya ki jefa ƙwayar masara. Ba sai kin nuna wa kowa ba."

Na yi ne don in ƙaryata su. Kafin la'asar na juye gwangwanin a tafina, masara ta cika hannu tana zuba ƙasa. Wayyo! Ashe na fi duk waɗanda nake kora sha!

Nan bayan tukwane na durƙusa. Na ce, "Yesu, na tsare 'ya'yan mutane, na kasa tsare kaina. Ka karɓi wannan ƙwarya daga hannuna." Na yi kuka irin wanda ban yi ba tun rasuwar mijina.

Ba a rana ɗaya aka gama ba. Jikina ya yi ta kyarma, asibiti suka ba ni magani suna duba ni. Matan zumunta suka riƙa zama da ni bi da bi. Da na bar dafa giya, Hajiya ta matsar da teburinta ta ba ni wuri, nake soya ƙosai kusa da kokonta. 'Yan zem ɗin da nake ba giya, su ne yanzu ke karin kumallo a wurina.

Ban aika wa Rifkatu ba, ina da girman kai. Wata Lahadi bayan sujada ta zo ta tsaya a gabana, ta daɗe tana kallona. Sai ta ce, "Mama, juya." Ta ɗora mini Saratu, ta ɗaure zanen da hannunta. Yarinyar ta yi nauyi, har ta fara tafiya ban gani ba. Haleluya!

Na gode wa Ubangiji da ya aiko mini taimako, har ta hannun waɗanda ba mu sujada tare. Ke da ke cewa kaɗan kike taɓawa, ina ganinki. Ki kawo wa Yesu tun yau, zai karɓa. Amin.