Furen da Ya Sayo wa Mahaifiyarsa

A tashar bas ta garin Annecy, wata tsohuwa ta tsura wa mutumin da ke kusa da ita ido. Yana rungume da tukunyar fure ruwan ɗorawa.

"Wa ya rasu, ɗana?"

"Babu kowa, Madam. Wajen mahaifiyata zan je, can bakin tafki. Daga Ostireliya nake."

"Da wannan? Ai furen kabari ne! Shi ya sa ka ga kowa na saya, gobe ranar ziyarar matattu ce."

"A can shi muke ba iyaye mata."

"To nan ba can ba ce. Ta san kana tafe?"

"Ina ƙarami babana ya tafi da ni. Na yi ta kira, ba ta ɗauka."

"Shi ne za ka buga mata ƙofa da wannan? Sai ta ce binne ta ka zo yi."

"Wai ina ruwanki ne?"

"Nawa ɗan ma haka ya tafi Kanada. A akwati aka dawo min da shi. Miƙo tukunyar, gobe in kai masa."

"Ni kuma in je hannu rabbana?"

"Ka je mata da ƙafarka. Ni abin da ban samu ba ke nan."