A ina zan ci abinci ba a girmama ni ba?

Assalamu alaikum, malam mai gabatarwa, da kai da masu sauraro.

Ni tsohon malamin makaranta ne a nan Injamena. Shekara uku ke nan likita ya hana ni duk abin da aka yi da alkama, saboda ciwon ciki. Maƙwabcina Alhaji Sule, wanda bai taɓa shiga aji ba, kullum a gabana yake tsoma burodi biyu a shayi, cikinsa lafiya lau. Ni sai kallo.

Na samu wata mai abinci a unguwar Gardole da ke yin kisar, wato wainar dawa mai faɗi, na koma cin abincin rana a wurinta. Ba a yi mako ba, ciwon cikina ya dawo. Na ce, "Hajiya, me kike sa wa a ƙullun nan?"

Ta ce, "Malam, naka daban nake yi. Kai ɗan boko ne, shi ya sa nake ƙara maka fulawa don ya yi laushi. Zallar dawa ai ta 'yan dako ce."

Ashe 'yan dakon da ke gefena maganina suke ci, suna lasar yatsa.

Masu sauraro, don Allah ku nuna mini inda za a ba ni abincin 'yan dako.