Gashin da Ya Ƙi Bilicin

A tashar bas ta garin Karlovo, wata dattijuwa mai ɗankwali ta leƙa ledar budurwar da ke zaune kusa da ita.

"'Yar nan, gashin mutum ne wannan?"

"Eh, Inna. Ta intanet na saya, zan ƙara a nawa ranar Asabar, bikina. Na wanke shi sau uku, na sa masa bilicin, amma duba, ya koma ja kamar karas."

"Miƙo in gani." Ta murza shi, ta shinshina. "Mai gashin nan da ruwan ɓawon albasa take ɗauraye shi, irin namu na ƙauye. Kika ƙara bilicin, kakkaryewa zai yi. Ki rina naki ya bi shi, ja zai yi miki kyau."

"Kai, Inna! Ya aka yi kika sani?"

Matar ta zame ɗankwalinta, sai ga gashi guntu.

"Bara na sayar da nawa, har ƙugu yake."

"Wayyo! Ko naki ne?"

"Allah ya sa. Shekara talatin ina kitse shi, bai san ko'ina ba sai gona da coci. Bari shi ma ya je biki ya yi rawa mana!"