Minti Arba'in da Bakwai Babu Murya

Mai girma shugaban wannan zama, shugaban ƙungiyarmu da mataimakiyarsa. Dattawan sana'a da ke layin gaba, waɗanda wasunsu suka koya mini aiki tun ana haɗa hoto daga kaset zuwa kaset. Masu ɗaukar hoto da masu ɗaukar sauti. 'Yan'uwana masu tacewa, waɗanda nake gane ku daga nan ta jan ido da duƙewar wuya. Baƙinmu maza da mata, har da wanda ya shigo don kawai ya ga ƙofa a buɗe: assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ina godiya ga waɗanda suka shirya wannan taro suka ba ni dama, ina kuma godiya da kujerar da suka ajiye a bayana, don sun san halin gwiwata. An ce in yi magana a kan yadda ake shigar da hotunan manyan kyamarori cikin manhajar tacewa. Jama'a, wallahi na gaji da wannan magana. Shekara ashirin da shida ina zaune a ɗaki mai taga ɗaya da baƙin labule da fanka mai kuka, kuma tun da kati ya maye gurbin kaset nake faɗarta. Na faɗe ta da lallami, na faɗe ta da faɗa, na rubuta ta na liƙa a ƙofa har takardar ta koɗe. Zan sake faɗa yau, domin akwai abin da ya kawo ni wanda ya fi takardar gayyata nauyi.

Na farko, katin babbar kyamara ba wayar hannu ba ne. In ka buɗe shi, folda ce cikin folda, kamar gida mai ɗakuna: hoto a ɗakinsa, sauti a ɗakinsa daban, sannan ga wasu ƙananan fayiloli masu sunaye marasa kan gado. Waɗannan ƙananan su ke gaya wa manhaja wane sauti ne na wane hoto, wane yanki ne ke bin wane. Saboda haka ka kwafe katin dukansa, yadda kyamara ta bar shi. Kada ka zaɓa, kada ka canza suna, kada ka yi mini gwaninta. Sau nawa mutum zai shigo ɗakina yana murmushi, ya ce, "Baba, na rage maka aiki, na cire tarkacen." Haba ɗana! Tarkacen nan ai shi ne aikin.

Na biyu, kada a goge kati sai mai tacewa ya shigar da abin da ke ciki, ya kunna, ya gani da idonsa, ya ji da kunnensa. Wannan kuwa tamu ce, mu masu tacewa, mu da muka iya ɗora wa masu kyamara laifi. Ranar da aiki ya zo, ranar za ka buɗe shi. Ka shigar da shi ta tagar da manhaja ta tanada don karanta kati, ba ka jawo fayil ka jefa kamar mai zubar da shara ba. Minti biyar ne. Ka kunna farko, ka kunna tsakiya, ka kunna ƙarshe, sannan ka ɗaga waya ka ce a goge.

Na uku ba ƙa'ida ba ce. Labari ne, kuma ba na alfahari ba.

Wata huɗu da suka wuce wata ma'aikaciyar jinya ta zo ɗakina. Mahaifinta mai gyaran agogo ne, shekara hamsin a rumfa ɗaya a bakin titin tasha, bayan ɗan teburi mai gilashi. Likitoci sun faɗa mata abin da ita ma ta riga ta gani. Ta ce da ni, "Kawu, so nake a ɗauke shi yana magana, jikokinsa su san muryarsa." Na haɗa ta da mai ɗaukar hoton da na fi yarda da shi, mutumin da muka shekara goma sha ɗaya muna aiki tare, yana ce mini yaya ina ce masa ƙane. Ya je rumfar, ya maƙala makirfo a wuyan rigar tsohon, shi kuma ya sa abin sauraro a nasa kunnen. Ita ba ta je ba. Tsohon ne ya roƙi haka, ya ce akwai maganar da bakinsa ba zai iya ba in tana tsaye a gabansa. Aka ɗauki minti arba'in da bakwai.

Washegari ƙanen nawa yana da wani aikin, kuma katin nan yake buƙata. Ya kwafe a gurguje, ya ɗauki foldar hoto ita kaɗai, ya aiko mini a faifan ajiya. Amma ku ji wannan da kyau, don kada ku fita ku ce shi kaɗai ne. Ya kira ni, ya ce, "Yaya, ka duba kafin in goge." Ni kuma, ni mai takarda a ƙofa, ina fama da wani aiki, na ce, "Goge abinka, ai na san hannunka." Na jefa faifan a aljihun tebur. Kwana tara yana ciki. Ran na goma aka bugo mini cewa mai gyaran agogo ya riga mu gidan gaskiya.

Ranar na buɗe. Hoto tas, har ƙurar da ke kan gilashin teburin kana gani. Layin sauti kuwa, wanda ya kamata ya yi tudu da kwari, babu shi ko ɗis. Na fita na sake shiga, na canza kwamfuta, na karɓo katin a wurin ƙanen nawa na kai wa masu dawo da abin da aka goge. Suka ce an ɗauki aiki uku a kansa, sai haƙuri.

Da ta zo na faɗa mata gaskiya. Da ta zage ni, da na fi samun sauƙi. Sai ta ja kujera ta ce, "Kunna mini haka nan, Kawu." Muka zauna, fanka na kuka, tsoho na magana a kan allo babu murya. Ta ce, "Nan tari yake." Can ta yi 'yar dariya ta ce, "Nan labarin agogon bangon tasha ne, na gane shi ta yadda yake juya hannu." Haka har minti na arba'in da ɗaya. A nan tsohon ya cire ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido, ya ajiye a tebur, ya dubi kyamara sosai, ya yi magana ta kamar minti biyu, sannan ya shafe fuskarsa da tafin hannu. Ta ce in mayar baya. Na mayar. Sau shida. Sannan ta juyo ta ce, "Kawu, na ga sunana a bakinsa. Me ya ce bayan sunan?"

Ban sani ba. Manhaja ba ta sani ba. A duniyar nan mutum ɗaya ne ya ji, shi ne wanda abin sauraro ke kunnensa. Shi kuwa tun daga ranar nan kunya ta rufe shi, ba ya ɗaga wayata, ba ya ɗaga tata, ya daina bin titin ɗakina. Ita kuma kowace Alhamis, ranar hutunta, tana zuwa ta zauna ta kalli minti biyun nan, ta yi mini sallama ta tafi. Na gaji da mayar mata da hoton baya, na gaji da kallon ƙeyarta, na gaji da rashin abin da zan ce.

Ƙanena, na san kana cikin zauren nan, na ga babur ɗinka a bakin ƙofa. Ba zan kira sunanka ba, kuma ina roƙon jama'a kowa ya bar wuyansa yadda yake, kada a waiga. Laifin nan mu biyu muka yi shi, kaso mafi girma nawa ne, ga shi na faɗa a gaban manyanmu. Ba hukunci take nema ba, ba ban-haƙuri take nema ba. Abin da ke kanka take nema, kuma kowace rana ta wuce wani abu na zubewa daga ciki. Wata huɗu ke nan. Ka zo Alhamis, ƙarfe huɗu. Ka zauna kusa da ita, in kunna, ka dubi bakin tsohon, ka faɗa mata abin da ka tuna, ko kalma biyar ce. Kada ka ƙara, kada ka rage, kada ka yi mata gyara. Ka ba ta dukansa yadda ka ji shi.

To. Na ga kanka ya motsa. Ban sani ba ko amsa ce, ko nauyi ne ya yi masa yawa, amma ni zan ɗauka amsa ce, zan ƙara kujera ɗaya a ɗakin.

Allah ya jiƙan mai gyaran agogo, ya sanyaya zuciyar 'yarsa. Allah ya yafe mana gaggawarmu da sakacinmu, ya sa mu riƙe amanar fuskoki da muryoyin da ake damƙa mana. Allah ya ƙara wa dattawanmu lafiya, ya yi wa wannan ƙungiya albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya. Allah ya kai mu Alhamis.

Na gode.