Zoben Kailu a Jikin Dron

A tashar motar Filinge, wata tsohuwa ta zura wa saurayin da ke gefenta ido. Yana ta fama da dron, ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama, a cinyarsa.

"Ɗana, mi ya samu jirgin naka?"

"Inna, sabuwar kamara na ɗaura mishi. Shi ko tsoho ne, mariƙin ba don ita anka yi shi ba, sai karkacewa take. Ɗan nauyi nike nema in liƙa a ɗaya gefen."

"Kai ne ka ɗauki gonakin Bonkuku bara?"

"Ni ne. Amma hoton bai yi kyau ba, tsohuwar kamara ce."

"Ya yi kyau mana! Akwai wani mai malafa shina tafe da hauya a kafaɗa. Maigidana ne, Kailu. Kafin girbi ya rasu. Jikata ta nuna min a waya. Fuskar ba ta fito ba, amma na gane tafiyarshi."

"Allah ya jiƙan shi, Inna."

"Amin. Ungo zoben nan, gwada."

"Kai, da na liƙa shi, kamara ta daidaita! Amma azurfa ce, ba ni iya karɓa."

"Na Kailu ne, bar shi nan. Je ka ɗauko ma wata nata mijin, wannan karon har da fuska."