Ki Tsame Kifin Kawai

Mai abinci ta ɗaga ludayi ke nan, sai wata mata ta tsaya gaban teburinta a bakin tasha.

"Inna, shinkafa da miya, amma ki tsame kifin. Na maigidana ne, jikinsa ba ya son kifi, da ya ci sai leɓe ya kumbura."

Mai abinci ta ajiye ludayin. "To, 'yata, wannan miyar ba tasa ba ce."

"Ikon Allah! Tsamewa kawai na ce."

"Na ji ki. Kifin a ciki ya dahu, ruwansa ya gama bin miyar. Bari in wanke hannu in zuba miki ta nama. Ludayinta daban, man suyarta ma daban."

"Kai, Inna, kin cika tsanani! Ni a gida tukunya ɗaya nake ɗora mana, in tsame kifin daga nasa. Ga shi nan garau, in ban da ƙaiƙayin da ke damunsa bayan cin abinci. Likita ma ya rasa gane..."

Sai matar ta juya ta dubi miyar kifin.

Mai abinci ta miƙa mata kwanon. "Ai likita bai leƙa tukunyarki ba."