Littafin da Aka Kushe a Allo

A tashar motar Auyo da ke Haɗeja, wani magidanci ya leƙa littafin da ke hannun wani dattijo.

"Baba, na laburare ne? Ba ka ga takardar da aka manna a allon masu karatu ba? An ce ba daɗi."

"Ita ta sa na aro shi. Wanda ya cika shafi guda yana kushe littafi, ai ya karanta shi sosai."

"Ni na rubuta. Babi biyu suka rage min wa'adina ya cika, na ji tsoron wani ya ɗauke."

"Ka yi ƙarya ke nan."

"Na yi. Don Allah ara min kwana ɗaya."

"Sai na gama. Amma zan manna tawa takardar: mai kushe shi har tasha ya biyo ni."